Yadda Ake Sa wa Tsohon Inji Kamshaf da Tafet Masu Taya

A tsohon inji irin wanda kamshaf ɗinsa ke kwance cikin bulok, kamar na Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, ko Chevrolet 350 mai silinda takwas, tafet yana zaune ne kai tsaye a kan tozon kamshaf, ƙarfe na gugar ƙarfe. Abin da ke hana su cin juna shi ne baƙin mai da sinadarin zinki da fosfora da ke cikinsa. Daga 2004, ƙa'idar mai ta API SM ta taƙaita fosfora zuwa kashi 0.08 cikin 100 a mai marar kauri irin 5W-30, don kare matatar hayaƙin sababbin motoci. Sabuwar mota ba ta damu ba. Tsohuwa kuwa, sai tozo ya soma siɗewa, a ji ƙwas-ƙwas daga saman inji, mota ta riƙa atishawa ta kafireta.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne tafet mai ƙaramar taya a gindi, wadda ke gangarawa kan tozo maimakon guga. Ford ya sa shi a injin Mustang 5.0 a 1985, Chevrolet ya biyo baya a ƙananan motocinsa a 1987. Injunan da suka girmi waɗannan shekaru ne ake yi wa wannan aiki, kuma yawancin kayan da ake ƙerawa dominsa na injunan Amurka ne masu silinda takwas. Saboda haka da Chevrolet 350 zan yi misali.

Tun kafin a ɗauki sifana, a zaɓi kamshaf da tunanin inda motar za ta yi aiki. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta ta fi ta Legas sauƙi da sama da kashi 10 cikin 100, inji kuma da iska yake numfashi. Kamshaf na tsere, mai barin bawul a buɗe da daɗewa, zai ƙara rage matsin silinda a ƙaramin gudu. Motar za ta yi ƙara mai daɗin ji a gareji, ta kuma kunyata mai ita a Hawan Kibo, burki ma ya yi tauri saboda zuƙar da ke taimaka masa ta ragu. Matsakaici ya fi.

Kwancewa ba ta da wani sirri. A cire kan batir, a zubar da ruwa da mai, a fitar da lagireto. A juya inji har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, a yi wa dilko alama, sannan a zare shi. Sai manifol, murafun bawul, roka, fushrod da tsofaffin tafet goma sha shida. Daga gaba a cire famfon ruwa, fule, murfin taimin da sarƙa. Kada a manta da famfon fetur da ɗan sandan da ke tura shi, domin shi ne ke tare kamshaf ya ƙi fita, yaron gareji ya yi ta ja yana zufa. A ɗaura dogon noti a goshin kamshaf ya zama mariƙi, a zaro shi a hankali ana juyawa, kada tozo ya karce mazauninsa.

Nan a tsaya a duba tsohon kamshaf ɗin. In an tarar tozo ya cinye, to garin ƙarfen bai tafi ko'ina ba, yana cikin injin. Dole a sauke kwanon mai, a duba metal da famfon mai, a wanke hanyoyin mai tas. Tayar sabon tafet tana juyawa ne kan ƙananan allurai, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta kashe ta. In lokacin hunturu ne, a rufe injin da tsumma mai tsabta duk sanda aka ɗaga hannu, don ƙurar Disamba ba ta neman izini.

Yanzu ga inda aikin yake. Tsohon tsarin yana yin abu biyu da kansa ba tare da kowa ya lura ba. An ɗan karkata fuskar tozo, gindin tafet kuma yana da ɗan tudu, shi ya sa tafet ke jujjuyawa a raminsa, kamshaf kuma ke turuwa baya ya zauna daram. Sabon tsarin ya rushe duka biyun. Tafet mai taya bai kamata ya juya ko kaɗan ba. In ya karkace, tayar za ta gicciye ta sare tozo cikin mintuna. Don haka na tsohon bulok suke zuwa bibbiyu, an haɗa su da ɗan ƙarfe a tsakani. A duba littafin da ya zo da su a ga ɓangaren da ƙarfen zai fuskanta, a jiƙa su da mai, a tabbata kowanne na hawa da sauka ba tare da cijewa ba.

Shi kuma kamshaf, tunda tozonsa a miƙe yake, zai riƙa yawo gaba da baya, taimin na canzawa da shi. Ana sa masa wani maɓalli a tsakiyar giyarsa ta gaba wanda zai tokare murfin taimin. Wasan da ake so tsakanin milimita 0.13 ne zuwa 0.25, kuma da agogon awo ake gane shi, ba da yatsa ba. Murfin gwangwani na asali yakan lanƙwashe, gara a sa mai kauri ko a tokare shi ta bayan famfon ruwa.

Giyar dilko ita ce tarkon da ya fi kama gwanaye. Tsohon kamshaf zubin ƙarfe ne, sababbi da yawa kuwa daga tsantsar ƙarfe mai tauri aka sassaƙo su, kuma ba sa jituwa da tsohuwar giya. Wani na son giyar tagulla, wani na son wadda aka yi wa tauri na musamman. Abin da maƙerin kamshaf ya ce, shi za a bi. Haka ma sandan famfon fetur, akwai mai kan tagulla domin wannan.

A sa sabuwar sarƙa, ɗigo ya kalli ɗigo, sannan a tabbatar da faifan digiri cewa bawul na buɗewa daidai inda takarda ta ce. Sifirin ɗin bawul ma sai an canza, domin tafet mai taya ya fi nauyi, tozonsa kuma ya fi saurin ɗagawa. Tsohon sifirin zai bar bawul yana rawa a babban gudu. In kamshaf ɗin yana ɗagawa da yawa, a auna ratar da ke tsakanin fistin da bawul: milimita 2 a na shigar iska, 2.5 a na fitar hayaƙi, ko fiye.

Fushrod na ƙarshe ake saya. Sabon tafet ya fi tsohon tsayi, don haka sandan zai gajarta da kusan rabin inci, amma awo ne zai faɗi gaskiya. A shafa tawada a kan bawul, a sa sanda mai daidaituwa, a juya inji da hannu. In shaidar roka ta fito siririya a tsakiya, an samu tsayin. Na ga inda aka yanke tsoho aka yi masa walda. Kada a yi.

Wajen ɗaure roka, a riƙa ɗaure noti ana murza fushrod da yatsa har wasa ya ƙare, sannan a ƙara wa notin rabin zagaye. A mayar da komai, a zuba mai, a juya famfon mai da na'urar huji har mai ya ɓullo a kowace roka kafin a tayar. Tsohon tsari yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a gudun juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti ɗaya don tafet ya saba da tozo. Sabon tsarin ba ya buƙata. A saita taimin, a saurara, a yi juye da wuri.

Kayan ba irin waɗanda ake tsinta a kowane shago a Dilimi ta Jos ba ne, odarsu ake yi da dala. Mai Chevrolet ko Ford da yake son ya riƙe motarsa shekaru, aikin ya cancanci kuɗinsa. Mai 504 da ke jigilar dankali daga Bokkos kuwa, ya sayi sabon kamshaf da sababbin tafet irin na asali, duka a tare, ya riƙa zuba 20W-50 na ƙwarai, wanda waccan ƙa'idar taƙaita fosfora ba ta shafa ba, ya bar sauran kuɗin don taya da burki.