Takardar da Take Riga Ka Shiga Ofis

Kowace shekara 'yan'uwanmu suna gama makaranta su shiga neman aiki. Da yawa sukan kai takardu ofis-ofis, su yi ta jira, ba a kira su ganawa ba. Sau da dama abin da ya kayar da su shi ne takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV. Ita ce take riga ka zuwa gaban mai ɗaukar ma'aikata, shi kuwa yana da tulin irinta a kan teburinsa. In ta yi kyau, za a neme ka. In ta zo a hargitse, sai a ture ta gefe.

Da farko, rubuta sunanka daidai yadda yake a takardar WAEC ko NECO. In a wata takarda kai Yohanna ne, a wata kuma John, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun da wuri. Ƙarƙashin sunan ka sa lambar wayar da take aiki da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ban da sunan wasa.

Sa'an nan ka jera makarantun da ka yi da shekarunsu, ka fara da ta ƙarshe. Wanda ya yi bautar ƙasa ya faɗi jiha da wurin da ya yi aiki.

Wani zai ce, "Ai ban taɓa yin aiki ba, me zan rubuta?" Ɗan'uwa, duba baya. Ka yi shugaban ɗalibai? Ka riƙe kuɗin ƙungiyar mawaƙa? Ka koyi ɗinki ko kafinta lokacin hutu? Duk waɗannan aiki ne. Amma kada ka ce kawai "ina da ƙwazo", kowa haka yake faɗa. Ka ce, misali, "Na koya wa yara 30 lissafi har wata shida." Kowane aikin da kake nema, ka sa abin da ya dace da shi a gaba.

Fiye da kome, ka faɗi gaskiya. A 1999 Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa bayan an gano cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi na ƙarya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada takardar ta wuce shafi biyu. Kafin ka sa sunan malami ko fasto a matsayin mai ba da shaida a kanka, ka nemi izininsa, don kada a kira shi ya ce bai san zancen ba. A ƙarshe ka ba wani malami ya karanta maka, gama kuskuren rubutu ɗaya yana iya sa a ɗauke ka marar kula.

'Yan aji shida, ku fara rubuta taku tun yanzu. Da sanyin safiya ake kama fara.