Filin Lissafi: Lambar 2,520 Ba Ta Barin Saura

A ce an ba ka naira 2,520 ka raba wa 'yan ajinku. Ko su biyu ne, ko bakwai, ko goma, kowa zai tashi da kaso daidai, ba rigima. Wannan lamba ita ce mafi ƙanƙanta da za a iya raba ta da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ba tare da saura ba.

Mu gwada. A raba ta gida 2, a sami 1,260; gida 3, 840; gida 4, 630; gida 5, 504; gida 6, 420; gida 7, 360; gida 8, 315; gida 9, 280; gida 10, 252.

Ina sirrin yake?

Yana cikin tubalan da aka gina ta da su, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kuma kansu, irin su 2, 3, 5 da 7. Idan aka warware 2,520 za a sami:

2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7

Kowane tubali da aikinsa. Kafin lamba ta rabu da 8, sai tana da 2 har sau uku. Kafin ta rabu da 9, sai tana da 3 sau biyu. Sannan ga 5 da 7. Su kuwa 4 da 6 da 10 a ɓagas suke zuwa, domin 6 ita ce 2 × 3, 10 kuma 2 × 5, 4 kuwa tana cikin 8. Zare tubali ɗaya, ginin ya rushe: cire 2 guda, ka sami 1,260, wadda in an raba ta da 8 take barin saura 4. Cire 7, ka sami 360, wadda ba ta rabuwa da 7.

A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa a jarrabawa. In an ce su nemo LCM, sai su ninka dukkan lambobin. In ka ninka 1 zuwa 10 za ka sami 3,628,800. Tana rabuwa da su duka, amma ta ninka amsar da ake nema sau 1,440.

Wace iri ce?

Cika ce, ba mara ba, tunda ta ƙare da 0. Ba ta cikin lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta: 50 × 50 ya ba da 2,500, 51 × 51 kuma 2,601. Lambobi 48 ne ke raba ta daidai, kuma duk lambar da ba ta kai ta ba, ba ta da masu raba ta da yawa haka. Masanin lissafi ɗan Indiya, Ramanujan, ya wallafa nazari kan irin waɗannan lambobi a 1915.

In kana son riƙe ta a ka, ninka kwana 7 na mako da kwana 30 na wata da wata 12 na shekara: 7 × 30 × 12 = 2,520.

Tambayar mako: wace lamba ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da 1 zuwa 12? Duba ko akwai tubalin da 2,520 ta rasa. Rubuta amsarka da sunanka da ajinka, ka miƙa wa wakilin kulob kafin ranar Juma'a.