Yadda Za Mu Rubuta wa Mai Sayen Kayanmu Imel

'Yan uwa, masu sayen man gyaɗa ko man kaɗe da yawa daga birni sukan ce, "Ku turo mana imel." Kada wannan ya tsorata ku. Wasiƙa ce kawai, sai dai ta waya take tafiya, kuma buɗe Gmail kyauta ne.

Shawarata, a buɗe da sunan ƙungiya, sakatariya da ma'aji su riƙe kalmar sirri. In aka buɗe a wayar ɗan wata, ran da ya koma makaranta ciniki ya bi shi.

Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Na san mu da doguwar gaisuwa, ina gida, ina gajiya, amma mai shago saƙonni ne jibge a gabansa. A gurbin kan magana ku sa, misali, "Man gyaɗa, jarka 10". Sannan ku faɗi lita nawa ke cikin jarka, kuɗin kowace, ranar da za a ɗora a mota, da wanda zai biya kuɗin motar. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo rigima. Maganar baki tana iya komawa "ban ce haka ba", ta imel kuwa tana nan da kwanan watanta.

In ya turo hoton shaidar biya, kada ku saki kaya tukuna, don akwai na bogi. Ma'aji ta duba asusu ta ga kuɗin sun shiga. Mai saye na gaskiya ba ya tambayar BVN ko lambar sirrin kati. Lambar asusu ta ishe shi.