Darasi na Tara: Kaka Ya Yi Yaƙin Boma

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da kakan da ya yi yaƙin Boma. Galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa kaɗan ne suka san labarinsu.

An fara Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1939. A lokacin Turawan Ingila ke mulkin Najeriya, sai suka ɗebi samari aikin soja. Wasu sun shiga da son ransu, wasu kuwa hakimai ne suka miƙa su. An koya wa da yawa fareti da harbi a Zariya. A 1943 da 1944 aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga Boma don su kara da sojojin Japan. Rundunoninsu biyu ne, ta 81 da ta 82.

Boma ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da ruwan sama mai yawa. Inda mota ba ta shiga, a ka suke ɗaukar kaya. Sau da yawa daga jirgin sama ake jefo musu abinci. Sojojin runduna ta 81 sun sare kurmi da adda, sun fasa dutse da diga, suka buɗe hanyar mota mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin Kaladan. Yaƙi ya ƙare a 1945, akasarinsu suka komo gida a 1946. Barikin Dalet na Kaduna da barikin Chindit na Zariya duk daga wannan yaƙi suka samo sunansu.

Da aka sallame su, kowa ya nemi abin yi. Wasu suka koma gona, wasu suka zama direbobi ko 'yan doka, wasu suka kama gini. Tsohon soja magini ba ya son aikin ha'inci. Yakan sa a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a tattake ta sosai, a bar ta ta kwana biyu kafin a yi tubali. Ba ya ɗora tubalin da bai bushe ba. Azarar giginya yake zaɓa don rufin soro, saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Kafin damina ta faɗi yakan gyara indararo, ya yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya ci bango. Da siminti ya zo, ya koyi aiki da bulo da magwaji. Da wannan gumi ya ciyar da iyali, ya aurar da 'ya'ya, har ya ga jikoki.

Yanzu da kuka iya karatu da rubutu, ku ne za ku adana tarihinsa. Ku je wurin tsofaffin gida ku ce, “Inna, a wace shekara Kaka ya tafi soja? Wane gini ya yi a garin nan?” Ku rubuta amsa a littafi tare da sunan wanda ya faɗa. In akwai takardar sallama ko lambar yabo ko hoto, ku sa a leda, ku ajiye inda laima da gara ba za su kai ba. Ranar 15 ga Janairu, wadda ake tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya, ku tara yara ku karanta musu, sannan ku yi masa addu'a. Allah Ya jiƙan magabata.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara Yaƙin Duniya na Biyu?
2. Me ya sa magini yake zaɓen azarar giginya?
3. Ku rubuta layi biyar a kan sana'ar kakanku.