Rubuta Wasiyyar Majinyaci Tun Bakinsa na Magana

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Idan ciwon daji ya ci ƙarfin ɗan'uwa a Madawa, Buza ko Keita, dangi kan sayar da bisashe su kai shi Yamai, ba wanda ya tambaye shi abin da yake so. Alhali hadisin Ibnu Umar a Bukhari da Muslim ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya ba jinkiri.

A zauna da shi tun yana cikin hayyacinsa, gaban likita da muƙaddami, a rubuta: asibiti ya zaɓa ko gida, wa zai yi magana a madadinsa, wane bashi ke kansa. A sa kwanan wata, a bar wa likita takarda ɗaya.

Wannan ba yanke ƙauna ba ne, ajali na hannun Allah. Allah Ya kyautata ƙarshe.