Tarin shanu yana kama awaki?

Tambaya: Na sayo maraƙi mai tari a kasuwar Mai'aduwa, yanzu awakina suna majina. Shi ya shafa musu? Daga wani makiyayi, Kongolam.

Amsa: Malam, yana yiwuwa. Akwai ƙwayoyin bairos na numfashin shanu, irin su BRSV, da ke iya kama hanci da maƙogwaron akuya, balle a ƙurar hunturu in ana shan ruwa a kwami ɗaya. Amma in ka ga zawo da gyambon baki a awakin, PPR na fi zargi, annobar awaki da tumaki, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafinta. Allurar terramycin ba ta kashe bairos. Ware maraƙin mako 3, ka kira likitan dabbobi yau.