Kafin a sayo wa kwamfutar tebur sabon RAM

Darasinmu na wannan makon a kan RAM ne, wani siririn falle mai kama da guntuwar rula da ake sokawa a cikin kwamfuta. Mun zaɓe shi ne saboda yawancin kwamfutocin tebur da muke gani a makarantu da shagunan buga takardu, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, na hannu ne, irin su Dell da HP. Idan suka fara nauyi sai kowa ya ce a ƙara RAM. Shawarar ba laifi, amma ba kowane RAM ne ke shiga kowace kwamfuta ba.

Menene aikinsa? Ku ɗauki allon aji da littafin rubutu. Abin da malam yake koyarwa yanzu yana kan allo, kowa na gani nan take, amma idan an tashi sai a goge. Abin da aka kwafa a littafi yana nan har baɗi. RAM shi ne allon, hadis kuma shi ne littafin. Shi ya sa idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar rubutu ba ka adana ba, aikin ya tafi. Idan allon ƙarami ne, dole malam ya yi ta gogewa yana sake rubutawa, darasi ya yi ta jan ƙafa. Haka kwamfuta mai ƙaramin RAM take yi. Ana auna shi da giga kamar datar waya, kuma Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da giga 4.

Wanda yake yanke hukuncin irin RAM ɗin da za a saya shi ne madabod, wato babban faifan nan da komai na cikin kwamfuta yake manne a jikinsa. A kansa akwai dogayen gurabe, yawanci biyu ko huɗu, kuma an ƙera su ne don zuriya ɗaya tak. DDR3 ya fito a 2007, yana da haƙora 240, yana aiki da bolt 1.5. DDR4 ya shigo kasuwa a 2014 da haƙora 288 da bolt 1.2. DDR5 shi ma haƙoransa 288 ne, amma ba ya shiga gurbin DDR4. Dalili kuwa, a tsakanin haƙoran kowanne akwai giɓi guda, a cikin gurbin kuma akwai ɗan tudu da zai faɗa cikin giɓin. Kowace zuriya wurin giɓinta daban. Masu ƙerawa sun yi haka da gangan don kada a soka wanda bai dace ba. Saboda haka idan ya ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi. RAM ya karye da sauƙi, in kuwa gurbin ne ya tsage, maganar ta koma ta sayen madabod.

Akwai tarko guda da giɓin ba ya karewa. DDR3 yana da ƙane mai suna DDR3L, mai aiki da bolt 1.35. Giɓinsu wuri ɗaya yake, don haka kowanne zai zauna daram a gurbin ɗan uwansa. Amma kwamfutar da aka gina don DDR3L tana iya ƙin tashi da DDR3 na bolt 1.5. Ga misalin da ya ba mu mamaki: Dell OptiPlex 3040 da OptiPlex 7040 sa'o'in juna ne, a ido kamar tagwaye, amma ta farko DDR3L take ɗauka, ta biyu DDR4. Wanda ya je shago ya ce kawai “a ba ni RAM na Dell” bai faɗi komai ba.

To ta yaya za a sani? Hanya mafi sauƙi ita ce karanta farar takardar da ke manne a jikin tsohon RAM. A ce an ga PC3-12800U. PC3 na nufin DDR3, da PC3L ne da DDR3L ke nan, PC4 kuma DDR4. Lambar 12800 idan aka raba ta da 8 za a samu 1600, gudunsa ke nan (masu cewa lissafi ba shi da amfani, ga shi nan ya biyo ku har cikin kwamfuta). Harafin ƙarshe ma ba ado ba ne. U na kwamfutar tebur ne. S na laftof ne, gajere ne, na DDR3 haƙoransa 204 kacal. R kuma na manyan kwamfutocin saba ne da ake samu a bankuna da kamfanoni. Wannan na ƙarshen ya fi yaudara, domin tsawonsa ɗaya da na tebur, yana da giga mai yawa, sau da yawa ga araha, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da shi ba. Idan kwamfutar tana kunnuwa, manhajar CPU-Z ta kyauta tana nuna duk wannan ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Sai kuma a duba littafin kwamfutar ko a nemi lambarta a intanet, don kowane madabod yana da iyakar gigar da zai ɗauka. Windows mai bit 32 kuma ba ta amfani da fiye da giga 4 ko da an cika gurabe. Idan aka haɗa mai sauri da mai jinkiri, duka biyun za su bi gudun mai jinkirin. A ganinmu gara biyu iri ɗaya masu giga 4, a soka su a gurabe masu launi ɗaya, da a tara na nan da na can.

Wajen sakawa, a zare wayar wuta daga soket tukuna, ba kashe maɓalli kawai ba. Kun san yadda a lokacin hunturu bargo yake tartsatsi da dare, ko ƙofar mota ta ɗan ja mutum? Wannan wutar ta jiki ta isa ta kashe RAM. A taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a ɗauke shi, a riƙe shi ta gefe, ban da taɓa haƙoran. A buɗe maƙallan gurbin, a daidaita giɓin, a danna har a ji ƙas. Idan an kunna sai ƙara ƙit-ƙit ba hoto, yawanci bai zauna da kyau ba ne, ko ƙura ta cika gurbin.

Tun 2015 JAMB take yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, kuma mu 'yan ƙaramar sakandare nan da 'yan shekaru layin zai zo kanmu. Duk kwamfutar da aka jingine a lungu saboda RAM, ɗalibai da yawa ne suka rasa wurin koyon riƙe linzami. Muna roƙon duk wanda za a aika shagunan titin Ahmadu Bello ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tafi da tsohon RAM ɗin a cikin ambulan, tare da lambar kwamfutar a rubuce, kuma ya tambayi mai shago tun kafin ya biya ko zai canja masa idan bai yi ba.